Shin Gani Ba Ci Ba Ne?

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ba ci ba. A kasuwa maganar gaskiya ce tsantsa. Wanda ya tsaya gaban mai tsire ya ƙura wa nama ido, ko da zai wuni a nan, tsinke ɗaya ba zai ragu ba, shi ma kuma cikinsa ba zai ɗauka ba. Da wannan karin magana muke ba mai kwaɗayi haƙuri, da ita kuma muke wanke mai kallo daga zargi. Wato a tunaninmu ido ba ya ɗauka, ba ya ragewa, saboda haka ba a bin mai kallo bashi.

Tambayar da wannan muƙala take so mu tattauna ita ce: shin maganar tana nan daram idan abin kallon wuri ne sukutum, da duwatsunsa da ruwansa da namun dajinsa, masu kallon kuma miliyoyi ne? Ƙasar da ta fi dacewa mu ɗauka misali ita ce Amurka, domin a can aka soma keɓe daji musamman don jama'a su je su kashe ƙwarƙwatar ido. Suna da gandun daji na tarayya guda 63, sannan kowace jiha tana da nata. Mai karatun da ya san Yankari ba zai sha wahalar gane bambancin ba, domin ita ma ta zama gandun tarayya a 1991, kafin a mayar wa Jihar Bauchi ita a 2006.

Da zarar lokacin zafi ya kama a can, sai ka ga iyalai sun ɗauki hanya cikin wata irin ƙaramar bas mai kama da wadda muke kira hayis, an cire kujerunta an sa gado da risho da tankin ruwa, an ɗaure kekuna biyu ko uku a bayanta. A ciki suke kwana, a ciki suke girki, yau suna wannan gandu gobe suna wancan. A shekarar 2024 hukumar da ke kula da gandayen tarayya da wuraren tarihi na ƙasar ta ƙirga ziyara sama da miliyan 330. Kusan dukkan waɗannan mutane za su iya rantsuwa cewa kallo kawai suka je yi.

Alkawari Biyu a Doka Ɗaya

Kafin mu ga laifin kowa, ya kamata mu san cewa asalin abin alheri ne. A tsakiyar ƙarni na 19, filayen da ke kewaye da shahararren magangarin ruwan Nayagara suna hannun 'yan kasuwa ne. Wasu sun kafa masana'antu a bakin kogin, wasu sun ja shinge, sai ka biya kuɗi kafin ka leƙa ruwan. Wannan ya ba mutane da yawa kunya, har suka tashi da fafutuka, jihar Niyok ta sayi filayen ta buɗe su ga kowa a 1885. Tun kafin nan, a 1864, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta damƙa kwarin Yosemite ga jihar Kalifoniya don amfanin jama'a, sannan a 1872 aka kafa Yellowstone, gandun tarayya na farko. Tunanin da ke bayan duk wannan shi ne, akwai irin kyan da bai kamata mutum ɗaya ya mallaka ba. A Turai ta wancan zamani dazuzzukan da suka fi kyau na sarakuna ne da masu sarauta, a nan kuwa aka ce na kowa ne.

A 1916 aka yi dokar da ta kafa hukumar gandayen, aka ɗora mata nauyi biyu: ta tanadar wa jama'a hanyar jin daɗin waɗannan wurare, kuma ta bar su yadda suke, ba tare da tawaya ba, domin waɗanda ba a haifa ba tukuna. To a nan gizo ke saƙar. Waɗanda suka rubuta dokar sun ɗauka alkawuran nan biyu za su zauna lafiya da juna, kuma za su zauna ɗin, in har gani ba ci ba ne. Shekara ɗari da 'yan kai da suka biyo baya sun nuna akasin haka.

Ido Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Abin da karin maganar ta manta shi ne, ido ba ya zuwa wuri shi kaɗai. Ƙafa ce ke kai shi, ciki yana biye da shi, a zamanin nan kuma mota ce ke ɗauke da su duka. Mota tana son kwalta, tana son wurin tsayawa, tana son gidan mai. Wanda ke cikinta yana son makewayi da wurin zubar da shara. A 1915 aka fara barin motoci su shiga Yellowstone, kuma cikin shekara biyu kekunan dokin da ke ɗaukar baƙi suka zama tarihi. A 2021 ziyarar da aka kai wannan gandu kaɗai ta haura miliyan 4 da dubu 800.

Bari mu ɗauki misalai uku. A Yosemite akwai wani kurmi na manyan bishiyoyin da ake kira sikwaya, waɗanda kaurin gindinsu ya fi ɗakin kwana. A 1881 aka huda gindin ɗaya daga cikinsu, aka yi ƙofar da keken doki zai wuce, daga baya motoci suka gada. Dubban mutane sun ɗauki hoto suna ratsa cikinta. Bishiyar nan ta haura shekara 2,000 a tsaye kafin a huda ta, amma bayan hudawar shekara 88 kacal ta ƙara, ta faɗi a 1969 cikin wani hunturu mai nauyin dusar ƙanƙara.

Na biyu, a Yellowstone akwai wata maɓuɓɓugar ruwan zafi mai suna Morning Glory, wadda a da ruwanta shuɗi ne shar kamar an zuba baba. Shekara da shekaru baƙi suna jefa mata kwabbai da tsakuwa da tarkace, har maƙogwaron da ruwan zafin ke fitowa ya soma toshewa. Zafin ruwan ya ragu, wasu ƙwayoyin halitta masu launin rawaya da ruwan goro da a da suke zaune a gefe kawai suka yaɗu zuwa ciki, shuɗin nan ya dusashe.

Na uku, a 2016 wasu baƙi a wannan gandu suka ga ɗan jaririn ɓaunar Amurka shi kaɗai a bakin hanya, suka ɗauka sanyi zai kashe shi, suka sa shi a bayan motarsu suka kai wa ma'aikata. Da aka mayar da shi garken ya ƙi karɓarsa, shi kuma ya riƙa tunkarar motoci da mutane, ala tilas aka kashe shi.

Abin lura a misalan nan shi ne, babu mugu a cikinsu. Wanda ya huda bishiya so yake mutane su ga girmanta. Wanda ya jefa kwabo sha'awar ruwan ce ta kama shi. Waɗanda suka ɗauki ɗan ɓauna tausayi ne ya motsa su. Mun saba auna laifi da niyya, kuma a mu'amalar mutum da mutum hakan daidai ne. Amma bishiya ba ta san niyya ba, nauyin da ke kanta kawai ta sani. Sannan kowane ɗaya daga cikin masu jefa kwabo yana da gaskiya idan ya ce kwabonsa ɗaya bai isa ya toshe maɓuɓɓuga ba. Da yayyafi kogi kan cika, amma ba ɗigon da za a nuna a ce shi ya kawo ambaliya. Wannan ita ce irin ɓarnar da ta fi wuyar hukuntawa, domin kowa yana da hannu a ciki kuma kowa yana jin hannunsa a wanke yake.

Tsakanin Mota da Keke

Daga cikin waɗanda suka fara ɗaga murya a kan wannan akwai wani marubuci mai suna Edward Abbey, wanda ya yi aikin gadin daji a Arches da ke hamadar jihar Yuta a 1956 da 1957, lokacin da hanyar wurin ta turɓaya ce, baƙi kuma ƙalilan. A littafinsa Desert Solitaire da ya fito a 1968 ya ba da shawarar a hana motoci shiga gandayen gaba ɗaya, a daina shimfiɗa sababbin hanyoyi, kowa ya ajiye motarsa a ƙofa ya shiga da ƙafa ko a kan keke ko doki. A lokacin an ɗauke shi mai tsattsauran ra'ayi. Sai ga shi a 2021 ziyarar Arches ta wuce miliyan 1 da rabi, har akan rufe ƙofa tun da hantsi saboda ba wurin ajiye mota, a 2022 kuma aka soma gwada tsarin kama lokacin shiga tun kafin mutum ya baro gida.

Shawarar tasa ba mafarki ba ce, domin akwai wuraren da suka riga shi. Tsibirin Mackinac da ke jihar Mishigan ya zama gandun tarayya a 1875, aka miƙa shi ga jiha a 1895, a 1898 kuma mutanen garin suka hana motoci saboda suna firgita dawaki. Har yau da keke da doki da ƙafa ake zagaya tsibirin, in ban da motocin gaggawa da na wasu ayyuka. A gandun Acadia da ke jihar Maine kuwa, attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ya gina hanyoyin tsakuwa daga 1913 zuwa 1940 da sharaɗin kada mota ta hau su, kuma kimanin mil 45 na hanyoyin suna cikin gandun, masu kekuna na morewa.

Me keke ya fi mota da shi? Na farko, ba ya cin wuri: filin da mota ɗaya za ta tare ya ishi kekuna da dama. Na biyu, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, saboda haka ba ya korar abin da aka zo gani. Na uku, kuma wannan ya fi muhimmanci ga tattaunawarmu, mai keke da jikinsa yake biyan kuɗin tafiyar. Tudun da mai mota bai ma san ya hau ba, mai keke ya san shi a cinyarsa da numfashinsa. Yana jin inda iska ta sauya, yana jin ƙamshin ƙasa, yana iya tsayawa duk inda tsuntsu ya yi kuka. Wanda ke cikin mota mai ɗaki kuwa ya taho da gidansa ne kacokan, gilashi a rufe, na'urar sanyi a kunne, dajin yana wucewa ta taga kamar majigi. Yana iya ratsa gandu biyar cikin mako guda ya koma gida da hotuna ɗari, alhali ya ci wuri fiye da mai keke, ya kuma ga abin da bai kai na mai keke ba. Wato ya yi asara biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta jama'a.

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Keken ma ba tsarkakakke ba ne. A hamadar Yuta ɗin nan akwai wani baƙin ɓawo a saman ƙasa wanda mai rai ne, ƙananan halittu ne suka saƙa shi, shi ke riƙe yashi kada iska ta kwashe, shi ke riƙe danshi. Tayar keke ɗaya ko sawun takalmi ɗaya da ya kauce hanya yakan murƙushe abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. Ita kanta dokar 1964 da ta keɓe wasu yankuna a matsayin dajin da ba a taɓawa ta hana duk wani abin hawa na inji ko na ƙarfe, kuma a aikace hanin ya haɗa da keke.

Bugu da ƙari, akwai wani girman kai da ke kama mai ƙarfin jiki, har ya ɗauka lafiyarsa nagarta ce. Idan aka ce sai mai iya tuƙa keke mil 20 a kan tudu ne zai ga wuri, me aka ce wa tsohuwa mai ciwon gwiwa? Me aka ce wa gurgu, da mai goyo, da leburan da hutun kwana biyu kawai yake da shi a shekara? Ita ma mota mai ɗaki ba kullum take alamar wadata ba. Ga iyalin da ba za su iya biyan kuɗin otal da na gidan abinci ba, tsohuwar bas da katifa da risho su ne kaɗai hanyar da 'ya'yansu za su ga abin da aka ce nasu ne. In muka kore su da sunan kare daji, mun sake jan shingen Nayagara ke nan, sai dai wannan karon da ƙarfin ƙafa ake biya maimakon kuɗi.

Saboda haka ba a raba masu kirki da marasa kirki da irin abin hawansu. Ma'aunin da ya fi dacewa tambayoyi biyu ne. Ta farko mutum zai yi wa kansa: in da kowa zai shigo yadda na shigo, ya yi abin da na yi, wurin nan zai saura? Ta biyu hukuma za ta yi wa kanta: dokar da na kafa, wa ta bari a waje?

Gandun Zion, shi ma a Yuta, ya ba da amsar da ta fi kusa da adalci. Kwari ne matsattse tsakanin jajayen duwatsu, hanya ɗaya tak ke shiga cikinsa. A ƙarshen shekarun 1990 dubban motoci ne ke shiga a rana suna kokawar wurin tsayawa da bai kai 500 ba. A shekarar 2000 aka hana motocin baƙi hawa wannan hanya a watannin da jama'a ke yawa, aka sa bas-bas na kyauta masu ɗaukar kowa, har da masu keken guragu, aka kuma bar hanyar a buɗe ga masu keke da masu ƙafa. Attajiri da talaka layi ɗaya suke bi, kujera ɗaya suke zama. Kowa ya rasa wani abu, wato 'yancin tsayawa inda ya so a lokacin da ya so, amma ba wanda aka hana gani. Kwatanta wannan da tsawwala kuɗin shiga, wanda ke rage cunkoso ta hanyar tace talaka, ko tsarin kama wuri ta intanet watanni kafin tafiya, wanda ke fifita mai kwamfuta da mai aikin da ya san ranar hutunsa tun da wuri. Duka ukun suna rage yawan motoci, amma ba duka ne suke raba nauyin daidai ba.

Cin da Aka Yi Kafin a Fara Kallo

Akwai wani cin da ya girmi na mota da na keke, wanda baƙo ba ya gani domin an share sawunsa. Abin da ya fi burge mai yawon gandu shi ne ya tsaya a kan dutse ya hanga har iyakar ganinsa ba gida, ba gona, ba hayaƙin girki, ya ce ga duniya yadda take kafin ɗan Adam ya taɓa ta. Sau da yawa wannan ba gaskiya ba ne. Kwarin Yosemite garin mutane ne, 'yan asalin ƙasar da ake kira Ahwahneechee, waɗanda wata rundunar 'yan sa-kai ta Turawa ta far wa a 1851 ta ƙone musu gidaje da rumbuna. Filayen ciyawar da baƙi suke yabawa, su waɗannan mutane ne suka riƙa gyara su da wuta shekaru aru-aru. Waɗanda suka dawo daga cikinsu sun zauna a kwarin suna yi wa baƙi aiki, har aka rushe ƙauyensu na ƙarshe a 1969. A Grand Canyon da ke jihar Arizona, wanda ya zama gandun tarayya a 1919, mutanen Havasupai suna noma a wata dausayi da ke cikin kwazazzabon, aka fitar da na ƙarshensu a 1928. Sai a 2022 aka sauya sunan wurin ya koma ɗauke da sunansu.

Wanda ya je yau ba shi ya kori kowa ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa laifin kakannin wasu. Amma shirun da yake jin daɗi, wani ne ya biya kuɗinsa. Wanda ya ci abincin da aka dafa da itacen wani, ko bai san an sato itacen ba lokacin da yake ci, ranar da ya sani akwai abin da ya hau kansa: ya daina cewa dajin ba mai shi, ya koyi sunan mutanen, ya kuma goyi bayansu idan suka nemi a bar su su shiga su ɗebi tsirrai ko su yi al'adunsu ko a sa su cikin masu yanke shawara.

To, Sai a Zauna a Gida?

Wani zai ce, tunda gani ci ne, ai wanda ya fi kowa kirki shi ne wanda bai je ba. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A cikin gandun Yosemite akwai wani kwari na biyu mai suna Hetch Hetchy, wanda waɗanda suka san shi suka ce ya yi kusa da na farko a kyau, sai dai ba shi da hanyar kirki, kuma mutane kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Da birnin San Faransisko ya nemi ya datse kogin wurin don samun ruwan sha, John Muir da abokansa suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma majalisa ta amince a 1913, aka gama madatsar a 1923, kwarin ya nutse. Kwarin da jama'a suka saba zuwa kuwa, ba wanda ya isa ya kawo shawarar nutsar da shi. Shi ya sa Stephen Mather, shugaban hukumar gandayen na farko, ya dage a kan gina hanyoyi da jawo masu motoci. Ya gane cewa gani ya kori ji, kuma mutum ba ya tsayawa kare abin da labarinsa kawai ya ji.

Ashe ke nan masu kallon su ne ke cin wurin, su ne kuma garkuwarsa. Wannan ya nuna mana cewa ci a kan kansa ba laifi ba ne. Duk mai rai yana ci. Abin da ake tambaya shi ne ladabin cin. Mu da muka tashi muna cin tuwo a akushi ɗaya mun san ƙa'idodinsa ba tare da an rubuta mana ba: ka wanke hannu, ka ci gabanka, kada ka yi babbar loma don ka ga ba a kallonka, kada ka kwashe naman miya kai kaɗai, wanda aka aika kuma bai dawo ba a ɗebe masa nasa a rufe. Gandun daji akushin taro ne, kuma waɗanda aka aika ba su dawo ba su ne 'ya'yan da dokar 1916 ta ambata. Bambancin kawai shi ne, su ba za su shigo su yi ƙorafi ba, sai dai su tarar da abin da aka bari su ɗauka haka yake tun asali. Yaron da ya ga Morning Glory yau zai ce tana da kyau, domin bai san shuɗin da aka cinye masa ba.

Ladabin nan a aikace ba wani abu ne mai wuya ba. Mai mota ya ajiye ta inda aka ce, ya hau bas ɗin taro ko ya kwance kekensa. Mai keke ya tsaya a kan hanyar da aka fitar. Kowa ya ba dabba tazarar da doka ta ce, wadda a Yellowstone ba ta gaza yadi 25 ba ga ɓauna. Wanda yake da halin zuwa a watan da ba cunkoso ya bar watan hutu ga wanda ba shi da zaɓi. Wanda zai iya zama kwana biyar a gandu ɗaya ya haƙura da burin ƙirga gandu biyar. Hukumomin ma suna iya gyara abin da suka ɓata: a kurmin da bishiyar nan ta faɗi, an rufe wurin a 2015, aka ɗauke kwalta da filin ajiye motocin da suka danne saiwoyin bishiyoyi, aka sake buɗewa a 2018, mafi yawan baƙi kuma a bas suke isa.

Kammalawa

Ana gane mai ladabin ci ne ranar da babba ba ya wurin. Daga ƙarshen Disambar 2018 zuwa ƙarshen Janairun 2019 rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da wasu ayyukan gwamnatin Amurka har kwana 35, aka sallami yawancin ma'aikatan gandaye zuwa gida, ƙofofi kuma a buɗe. A gandun Joshua Tree na Kalifoniya wasu suka kutsa da motoci inda ba hanya, suka lalata bishiyoyi, shara ta taru, makewayai suka cika. A cikin waɗannan kwanaki kuma wasu mazauna yankin suka riƙa fitowa da motocinsu, ba wanda ya aike su, ba wanda ya biya su, suna kwashe shara suna wanke makewayai. Doka ɗaya ce ta kau a kan ɓangarorin biyu, irin motocin ma kusan ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne, ɗaya yana ganin abin kowa ba na kowa ba ne, ɗaya kuma yana ganin abin kowa har da shi a cikin masu shi.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan sauka, ta jiƙa ganye, rana ta fito ta tafi. Ba baƙon da zai kai raɓa sauƙin sawu, amma ya kamata ya san nauyin nasa sawun, ko a Yellowstone yake ko a bakin ruwan Wikki. A jihar Arizona akwai gandun Petrified Forest, inda gumagumai na bishiyoyin da suka haura shekara miliyan 200 suka rikiɗe suka zama dutse mai launi iri-iri. An hana ɗauka, amma baƙi sukan sa ɗan guntu a aljihu. Tun shekarun 1930 ma'aikatan wurin suke samun ƙunshi ta gidan waya, ɗan dutse a ciki tare da wasiƙar neman gafara, wasu bayan shekaru da yawa. Sai dai ba a iya mayar da duwatsun inda aka ɗauko su, domin ba wanda ya san ainihin wurin, kuma ajiye su a wani wuri daban zai rikita binciken masana. Saboda haka ake tara su waje ɗaya a gefen wata hanyar ma'aikata, tsibi guda, nesa da idon baƙi.